Fuskar Osimhen da tikitin Katar: yadda ya dawo daga karaya kafin wasan cike gurbi da Ghana

Ranar Talata 16 ga Nuwamba, 2021, a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, ko zama 'yan kallo ba su gama yi ba Victor Osimhen, ɗan wasan gaban Najeriya da ke buga wa Napoli ta Italiya a lokacin, ya jefa ƙwallo a ragar Cape Verde. Baƙin sun farke, aka tashi 1-1, kuma wannan maki ɗaya ne ya bar Najeriya a saman rukuninta da maki 13, Cape Verde na biye da 11. Da haka Super Eagles ta samu shiga zagayen ƙarshe na neman zuwa gasar cin kofin duniya ta Katar, inda ƙasashe goma za su kara gida da waje a watan Maris, biyar su wuce. Ƙwallonsa ta huɗu ke nan a wasannin share fagen. Kwana biyar bayan haka yana kwance a wani asibiti a birnin Milan, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe.

Na daɗe ina juya abin da ya faru tsakanin wannan dare da daren 29 ga Maris, 2022 da muka kara da Ghana a Abuja, domin ina ganin mun yi wa lamarin gurguwar fahimta har sau biyu. Da farko mun ga laifin waɗanda suka hana shi zuwa gasar cin kofin nahiyar Afirka a Kamaru a watan Janairu. Daga baya kuma, da ya warke, muka ɗauka warkewarsa ta ishe mu.

Daren San Siro

Lahadi ce, 21 ga Nuwamba. Napoli ta je gidan Inter, filin San Siro na birnin Milan, ba a doke ta ko sau ɗaya ba a wasa 12 na Serie A, tana da maki 32, Osimhen kuwa yana da ƙwallo tara a kakar: biyar a lig, huɗu a gasar Europa, ciki har da biyun da ya zura wa Leicester a Ingila. A gidan kallon unguwarmu wasan Italiya ba ya tara jama'a kamar na Firimiya, amma tun da yaron ya koma Napoli mai gidan ya ware talabijin ɗaya ta kusurwa saboda shi. Mun dawo daga sallar magariba, ba a jima da dawowa daga hutun rabin lokaci ba, sai aka ɗaga wata ƙwallo sama. Osimhen ya tashi, mai tsaron bayan Inter, Milan Skriniar, ya tashi. Kan Skriniar ya samu kuncinsa na hagu.

Ya kwanta, likitoci suka shigo, can ya miƙe ya fita da ƙafarsa. Wani matashi a gabana ya ce, "Ai ya tashi, ba komai, mako mai zuwa zai buga." Wani dattijo da ke zaune a gefen benci, tsohon direban babbar mota ne, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, bar kallon ƙafarsa, kalli idon. Na sha ganin irin wannan kumburi a kan hanya, ba na wasa ba ne." Da aka sake nuna fuskar kusa, gefe guda ya lotsa, fatar ido ta taso kamar an hura. Babu wanda ya ƙara magana. Inter ta ci wasan 3-2.

Sanarwar Napoli ta ce ƙashin kunci da na gurbin ido na hagu sun karye a wurare da dama, kuma gutsattsarin sun goce daga mazauninsu. Ranar 23 ga Nuwamba Farfesa Gianpaolo Tartaro ya yi masa aiki a birnin Naples, aikin da ya ci fiye da awa uku. An saka masa ƙananan faranten ƙarfen titaniyom shida da ƙusoshi 18. Aka kiyasta zai yi kwana 90 yana jinya. Duk wanda ya ƙirga ya san kwana 90 daga ƙarshen Nuwamba sun haɗiye gasar cin kofin nahiyar Afirka gaba ɗaya, wadda za a fara ranar 9 ga Janairu a gama 6 ga Fabrairu.

Ciwon da ke barin ƙafa lafiya

Sai an fahimci irin wannan rauni kafin a fahimci rigimar da ta biyo baya. Mu nan mun saba da ɗori. Hannu ya karye, maɗori ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure, a jira ƙashi ya kama. Fuska ba ta ɗauruwa daga waje. Ƙashin kunci shi ne ginshiƙin da ke riƙe da gefen ido da ƙasansa, shi ya sa idan ya farfashe sai an buɗe an mayar da kowane guntu inda yake, a ɗaure shi da faranti daga ciki. Daɓen da ƙwayar ido ke zaune a kai siriri ne ƙwarai, bai fi ɓawon ƙwai kauri da yawa ba. Idan ya rufta, ido na iya nutsewa ciki, ko tsokar da ke juya shi ta maƙale a tsagar, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. Ka ɗauki ɗan wasan gaba da ke bin ƙwallo a sama yana ganin guda biyu. A nan kuma wata jijiya ta ratsa, wadda ke kai ji zuwa kunci da leɓen sama da haƙoran sama, shi ya sa masu irin wannan karaya kan daɗe gefen fuskarsu a mace. Tsokar tauna ma a jikin ƙashin nan take maƙale, don haka makonnin farko sai abinci mai ruwa-ruwa. Ko face majina da ƙarfi likita kan hana, kada iska ta bi tsagar ta taru a kewayen ido.

Duk wannan yana faruwa ne ƙafafu na nan lafiya lau, kuma a nan tarkon yake. Wanda tsokar cinyarsa ta yage ba ya iya gudu, babu mai musu da shi. Wanda fuskarsa ta karye kuwa bayan 'yan makonni za ka gan shi a bidiyo yana zagaya fili, yana buga ƙwallo, yana dariya, sai kowa ya ce ai ya warke. Faranti da ƙusa riƙo kawai suke yi, ba su ne waraka ba. Ƙashi kan ɗauki kamar mako shida kafin ya kama, ya kuma ɗauki watanni kafin ya yi ƙwarin da yake da shi a da. Idan aka sake dukan wurin kafin lokacin, abin da ake tsoro ya wuce rasa kakar wasa, ido ne.

Sannan a dubi wane ne mai raunin. Da ɗan tsakiya ne mai karɓa a ƙasa ya raba a ƙasa, da da sauƙi. Osimhen da kai yake cin abinci. Salon wasansa shi ne tsalle cikin cunkoso, da kutsawa tsakanin mai tsaron baya da gola, da sa kai inda wasu ke janye ƙafa. A watan Fabrairun wannan shekarar ma an fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya a wasan Atalanta bayan ya bugu a ka. Mutumin da ba ya iya wasa da rabin zuciya, ba a cewa ya shiga ya yi a hankali.

Jan igiya a watan Disamba

Ɓangarori uku ne, kowa da abin da ke cin sa.

Napoli ta sayo shi daga Lille a 2020 kan kuɗin da ya kai Yuro miliyan 70, mafi tsada a tarihinta, kuma tana da tabo a zuciya. A Nuwamban 2020 ya tafi yi wa Najeriya wasa da Saliyo a birnin Benin, wasan da aka ci 4-0 aka farke ya koma 4-4, ya dawo da gocewar kafaɗa, korona ta biyo baya, ya yi fiye da wata biyu ba ya wasa. Ba na wanke Napoli. Shugabanta Aurelio De Laurentiis ne ya fito a 2022 ya ce ba zai ƙara sayen ɗan Afirka ba sai wanda ya yarda ba zai je gasar nahiyar ba, magana ce ta raini kuma har yau ba ta yi mini daɗi ba. Amma a wannan karon son zuciyar ƙungiyar ba wajen ɓoye shi kawai yake ja ba, yana ja wajen gaggauta dawo da shi ma. A watan Disamba kaɗai, ba tare da shi ba, Atalanta da Empoli da Spezia duk sun bi Napoli har gida sun doke ta. Koci Luciano Spalletti ya fi kowa buƙatar lamba taransa, kuma duk da haka bai saka shi ba.

Hukumar ƙwallon Najeriya tana cikin nata ruɗanin. Ta sallami Gernot Rohr a tsakiyar Disamba, saura ƙasa da wata guda a fara gasa, ta miƙa wa Augustine Eguavoen riƙon ƙwarya. Dokar FIFA tana bayanta: wajibi ne ƙungiya ta saki ɗan wasan da ƙasarsa ta kira zuwa gasar nahiya, kuma idan an ce yana da rauni, ƙasar na da ikon sa likitanta ya duba shi. Eguavoen ya sa sunan Osimhen cikin 'yan wasa 28.

Shi kuma mai fuskar ya riga ya rubuta a shafinsa na Twitter cewa yana nan daram don gasar, sai dai idan ba a zaɓe shi ba. Na yarda da gaske yake. Yaron da ya tashi a Olusosun ta Legas yana tallar ruwa a cunkoson motoci, wanda rigar Najeriya ce ta fito da shi duniya lokacin da ya ci ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, ba zai ji ana buga gasar Afirka a maƙwabta ya so zama a Italiya ba. Ta nan ne ma nake ganin bai kamata a bar hukuncin a bakinsa ba. Ana cewa jiki magayi, amma gefen fuskar da jijiyarsa ta mutu ba ya gaya wa mai shi komai. Ɗan shekara 23 mai zafin zuciya, idan ka tambaye shi ko zai iya, amsa ɗaya ce zai ba ka.

Ƙarshenta abin da ya raba gardamar bai fito daga ɗayan ukun ba. Ya zo hutu Najeriya, ana jiran ya koma Naples likitan da ya yi masa aiki ya sake duba shi a ƙarshen wata, sai gwaji ya nuna ya kamu da korona, karo na biyu. Dole ya killace kansa. Ranar 31 ga Disamba aka cire sunansa, aka kira Henry Onyekuru.

Garwa ba tare da shi ba

A Garwa ta arewacin Kamaru Najeriya ta yi wasanninta, kuma ga mutanenmu na Yola da Mubi kamar a gida aka yi, Hausa da Fulatanci ne ke tashi a filin Roumdé Adjia. An doke Masar 1-0 da ƙwallon Kelechi Iheanacho, an doke Sudan 3-1, an doke Guinea-Bissau 2-0, Sadiq Umar ɗan Kaduna na cikin waɗanda suka ci. Har an fara mantawa da wanda ba ya nan.

Ana cikin haka, ranar 17 ga Janairu, kwana 57 da karayar, sai ga Osimhen ya taso daga benci a Bologna, sanye da baƙin takunkumi, ya buga ƙarshen wasan da Napoli ta ci 2-0. Ranar na ji maganganu masu zafi. An ce ashe lafiyarsa ƙalau, an ce Turawa sun yi mana wayo, wasu har suka ce shi ma da saninsa. Da Tunisiya ta fitar da mu ranar 23 ga Janairu da ƙwallon Youssef Msakni, aka kuma ba Alex Iwobi jan kati, sai maganar ta koma "da Osimhen na nan."

Ban yarda da wannan ba, kuma kwanakin ne hujjata. 'Yan mintoci a ƙarshen wasan da an riga an ci, likitan da ya ɗinke ka yana kusa, daban ne da wasa uku cikin kwana tara a zafin Garwa, ga wanda ya yi mako bakwai bai buga wasa ba kuma yanzu ya fito daga killacewar korona. Spalletti, duk da matsin da yake ciki, bai fara wasa da shi ba sai 6 ga Fabrairu a gidan Venezia, kwana 77 da raunin. Wannan ita ce ranar da Senegal ta doke Masar aka rufe gasar Afirka. Wato ranar da ƙungiyar da ke biyan sa albashi ta ga ya isa a fara da shi, ranar ce gasar ta ƙare.

Wani abu kuma da wasan Tunisiya ya nuna, wanda hayaniyar "da yana nan" ta rufe: Tunisiya ta sa mutum biyu a kan Moses Simon, ta toshe gefe, sai aka ga Najeriya ba ta da wata hanya ta tsakiya. Ba mai ƙarasawa aka rasa a daren ba, mai kawowa aka rasa. An samu wata biyu cur a gyara wannan.

Ƙwallon Venezia

Takunkumin da aka yi masa ba irin na kanti ba ne. An auna fuskarsa da na'ura aka ƙera shi daidai ita, da wani abu mara nauyi mai ƙarfin gaske, yadda idan duka ya zo zai bazu zuwa goshi da sassan da ke lafiya maimakon ya sauka a kan karayar. Yana da nasa wahalar: gumi na taruwa a ciki, yana rage gani ta gefe, kuma duk wanda ya kalle shi a lokacin ya ga yadda yake yawan kai hannu yana gyara shi.

Amma abin da nake jira in gani ba takunkumi ke ba da shi ba. Ƙashi na iya haɗewa, hoton asibiti ya fito fes, mutum ya dawo fili, amma idan ƙwallo ta taso sama ya ji takun mai tsaron baya a bayansa sai wuya ya noƙe da kansa. 'Yan wasa da yawa sun dawo daga raunin kai sun ci gaba da wasa shekaru, amma ba su ƙara sa kai kamar da ba. A minti na 59 a Venezia aka ɗago ƙwallo daga dama, ya tashi sama da mai gadinsa ya sa mata kai ta shige. Dattijon nan direba yana wurin a ranar. Ya juya ya ce wa matashin, "To, ɗana, yau ne ya tashi."

Daga nan abin ya miƙe. Ranar 12 ga Fabrairu ya sake haɗuwa da Inter da Skriniar, shi aka yi wa ƙetar da ta jawo fenaretin da Lorenzo Insigne ya ci, aka tashi 1-1. Ya buga wasa biyu da Barcelona a gasar Europa, inda aka fitar da Napoli. A Cagliari ya shigo daga benci ya farke ana dab da tashi, nan ma da ka. Ranar 13 ga Maris ya ci Verona biyu, ranar 19 ya ci Udinese biyu. Ƙwallo shida tun dawowarsa, huɗu daga ciki a mako guda kafin ya hau jirgi zuwa Abuja. Idan ana neman misalin yadda ake dawo da mai rauni daki-daki har ya kai ganiyarsa a ranar da ake buƙata, wannan ne. Da an kai shi Garwa an sake dukan kuncin, babu mai tabbacin za a same shi a Maris ko kaɗan.

Kumasi da Abuja

Ƙuri'ar da aka jefa a Douala ranar 22 ga Janairu ta haɗa mu da Ghana, kuma mutane da yawa sun yi murna. Ghana ta fita daga gasar Afirka tun a rukuni bayan Comoros ta doke ta 3-2, a Garwar nan dai, ta kori kocinta Milovan Rajevac, ta ɗauko Otto Addo na riƙo. Kyaftin ɗinta André Ayew yana da jan kati. Ga mu da ɗan wasan da ke ci a Italiya duk mako. Tsakanin 'yan uwa na Zangon Kumasi da na Kano saƙonnin murya sun yi ta kai da kawowa, da Hausa ɗaya ake tsokanar juna, su suna taƙama da Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima ta Accra, mu muna cewa mai takunkumi na nan tafe.

Abin da ba a tsaya an ƙirga ba shi ne waɗanda babu. Wilfred Ndidi ya ji rauni a gwiwa a wasan Leicester mako guda kafin nan. Iwobi na dakatarwa. Gola Maduka Okoye bai zo ba saboda rashin lafiya, aka koma ga Francis Uzoho. Ademola Lookman bai daɗe da samun izinin sauya ƙasa daga Ingila ba, bai taɓa buga wa Najeriya ko wasa ɗaya ba. Mutum ɗaya ya dawo, uku sun fita, biyu daga cikinsu a tsakiyar fili, daidai inda Tunisiya ta nuna ɓaraka.

Wasan farko an shirya shi a Cape Coast, amma bikin ranar 'yancin kai ya lalata ciyawar, aka mayar da shi filin Baba Yara na Kumasi. Sunan filin kansa na wani ɗan wasa ne da rauni bai bari ya dawo ba: Baba Yara, gwanin gefe na ƙungiyar Asante Kotoko da ta ƙasar Ghana, Black Stars, wanda haɗarin mota ya shanye masa jiki a 1963 yana kan ganiyarsa, ya rasu a 1969. A wannan fili, daren Juma'a 25 ga Maris, kwana 124 da San Siro, Osimhen ya buga minti 90 tsakanin Daniel Amartey da Alexander Djiku. Ya yi tsalle, ya yi gudu, ya bi ƙwallayen da ba su da alamar zuwa ko'ina. Mafi yawan abin da aka aiko masa dogon bugu ne daga baya, yana shi kaɗai, ko ya taɓa babu na kusa da zai ɗauka. Alƙalin wasa ya ba Najeriya fenareti, ya je ya kalli na'urar VAR ya soke. Aka tashi babu ci.

A ido sakamako ne mai kyau, amma akwai ƙaya a ciki. Turai ta soke dokar fifita ƙwallon waje tun 2021, wato dokar da ke ba wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawa nasara idan an yi kunnen doki, a Afirka kuwa a lokacin tana nan. Idan Ghana ta ci ƙwallo ɗaya a Abuja, sai mun ci biyu.

Ranar Talata aka tashi ma'aikatan gwamnati da wuri don su je kallo, filin Moshood Abiola mai cin mutum 60,000 ya cika ya batse. A minti na 10 Thomas Partey ya yi wani bugu daga wajen da'ira, ba mai ƙarfin a zo a gani ba, ta sulale ta ƙarƙashin Uzoho. A minti na 22 William Troost-Ekong ya farke da fenareti bayan an kayar da Lookman. Kafin hutu Osimhen ya tsere wa masu tsaron baya ya kai ƙwallo raga, fili ya ɗauka, mu ma a gidan kallo benci ya kife, sai VAR ta ce satar gida. Bayan hutu Otto Addo ya ƙara yawan masu tsaron baya ya rufe ƙofa. Eguavoen ya yi ta zuba 'yan gaba, har da Odion Ighalo da Ahmed Musa, amma masu jiran ƙwallo ne suka ƙaru, masu kawo ta ba su ƙaru ba. Sai ɗagawa sama, Ghana na mayarwa. Osimhen ya kai ga yin alkafura a sama yana bugawa ta baya, abin da aka yi ta yi masa gori a kai daga baya. Ni abin da na gani shi ne mutum mai ƙusa 18 a fuska yana jefa jikinsa sama ya faɗo ƙasa, domin ƙwallon da ke zuwa masa ba ta da wata hanyar bugawa.

An tashi 1-1, Ghana ta wuce. Karo na farko ke nan tun 2006 da Najeriya ta rasa gasar cin kofin duniya. 'Yan kallo suka ɓalle cikin fili, suka farfasa wurin zaman 'yan wasa, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye. A daren ne Dakta Joseph Kabungo, likita ɗan Zambiya da ya zo aikin gwajin ƙwayoyi a wasan, ya rasu. Cikin kwana biyu Eguavoen ya sauka. FIFA ta ci tarar Najeriya kuɗin Switzerland 150,000, ta kuma ce a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo.

Abin da aka yi daidai, da abin da aka bari

Ta fuskar jinya ban ga inda aka yi kuskure ba. Likita ya ce kwana 90, aka fara ɗanɗana masa wasa a na 57, aka fara da shi a na 77, ya kai ƙarshen kakar da ƙwallo 14 a Serie A, tara daga ciki bayan karayar, Napoli ta ƙare ta uku. Kaka ta gaba ya ci 26, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a Serie A, kuma ƙwallonsa ce a Udine ranar 4 ga Mayu, 2023 ta ba Napoli kofin da ta rabu da shi tun 1990, zamanin Maradona. A Disambar wannan shekarar aka ba shi gwarzon ɗan wasan Afirka a Marrakech, ɗan Najeriya na farko tun Nwankwo Kanu a 1999. Takunkumin da aka yi don kare karaya ya zama alamarsa, yara a Naples suna sawa, masu gasa kek suna zana shi. Duk wannan ya biyo ta kan makonnin nan na Janairu da muka yi ta zagi.

Kuskuren yana wajenmu. Daga Nuwamba zuwa Maris tambayar da ke bakin 'yan jarida da masu sharhi da mu 'yan gidan kallo ita ce ko zai warke kafin wasan Ghana. Tambaya ce mai daɗin yi, domin amsarta na hannun likita a Naples, ba ta neman kowa a Abuja ya yi wani aiki. Wa zai riƙe tsakiya idan babu Ndidi, wa zai tsaya kusa da lamba tara ya karɓi abin da ya sauke, me za a yi idan abokan karawa sun toshe gefe kamar yadda Tunisiya ta yi, waɗannan sai da aka shiga fili aka tuna da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da bai daɗe da sauka daga gadon asibiti ba.

A Satumban 2025, a wasannin neman zuwa gasar cin kofin duniya ta 2026, ya sake jin rauni a wasan Rwanda a Uyo, bai buga wasan Afirka ta Kudu ba, aka tashi 1-1. Ya dawo a Oktoba ya ci Jamhuriyar Benin uku shi kaɗai, Najeriya ta samu shiga wasan cike gurbi a Maroko. Ranar 13 ga Nuwamba ya ci Gabon biyu a ƙarin lokaci, aka tashi 4-1. Ranar 16, a Rabat, ana 1-1 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo aka tafi hutun rabin lokaci, shi kuma bai fito ba saboda rauni. Najeriya ba ta ƙara cin ƙwallo ba a minti 75 da suka rage, Kongo ta yi nasara 4-3 a bugun fenareti.